Yuriya Kaɗai Ba Ta Ciyar Da Gona

A tsakiyar damina ganyen ƙasa na masara ya fara rawaya daga baki, rawayar na bin tsakiyar ganyen. Manomi ya ce gona ta gaji, ya garzaya kasuwa ya sayo yuriya. Kwana kaɗan masara ta yi kore shar, hankali ya kwanta. Sai da kaka a ga buhunan ba su kai na bara ba.

Shuka ba abinci iri ɗaya take ci ba. Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa, 15-15-15 ko 20-10-10, kowacce tana nuna kason sinadari guda cikin ɗari: naitrojin mai sa ganye, fosfaras mai kafa saiwa da ƙosar da ƙwaya, sai fotasiyam mai ƙarfafa kara da taimaka wa shuka jure fari. Yuriya kuwa naitrojin kawai take bayarwa, kashi 46 cikin ɗari. Idan ganyen ƙaramar masara ya koma shunayya, galibi fosfaras ne ya yi ƙaranci, ko buhu goma na yuriya ka zuba ba za ta magance shi ba. Ƙasar jigawa ta Arewa da Nijar dama matalauciya ce wajen fosfaras.

Ita ma yuriyar, wanda ya watsa ta a sarari cikin rana ya bai wa iska wani kaso na kuɗinsa. A tona gefen shuka, a zuba, a rufe, lokacin da ƙasa ke da laima.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yashe gona. Hatsi ya tafi rumbu, kara ya tafi danga da murhu, harawa ta tafi kasuwa, ɗan abin da ya rage mu cinna masa wuta ranar sharar gona. Iyayenmu ba haka suka yi ba. Makiyayi kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi, jakuna kuma su yi ta jigilar taki a mangala daga birnin Kano zuwa gonakin kewaye. Wannan takin gargajiya ne ke riƙe ruwa da takin zamani, kada su zurare cikin yashi. Inda ya ƙare, nan wuta-wuta ke samun gindin zama.

Tuge tushen wake ko gyaɗa ka duba: ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, masu ja-ja a ciki, nan ne ƙwayoyin halitta ke kamo naitrojin daga iska kyauta. Shi ya sa masarar da ta biyo bayan waken soya take fin kyau. Gawo ma kada a sare shi. Da damina yake kaɗe ganye, ga taki, ga rana ga gero.

Wanda aljihunsa bai kai buhu ba, akwai dabarar da masu bincike na cibiyar ICRISAT suka gwada a Sadore, kusa da Yamai: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, kimanin giram 6, a kowane rami lokacin shuka.