Ciwon Baya: Kuɗin Hayar da Kujera Ke Karɓa

A da can, idan aka yi zancen ciwon baya a zangunanmu, hankali yakan tafi ne ga 'yan dako na kasuwar Kejetia, ko tsofaffin da suka sha fatauci da kayan goro a ka. Amma a yau abin ya sake salo. Akawu, da ma'aikacin banki, da mai buga takardu a kwamfuta, da yarinyar da ke wuni cikin rumfar tura kuɗi ta waya a Nima ko Aboabo, su ne ke tashi daga kujera suna dafe ƙugu. Mun yi murna 'ya'yanmu sun yi boko sun huta da ɗaukar kaya, ashe kujera ma tana da nata kuɗin haya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya.

Yaya abin yake faruwa? Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne ɗaya bisa ɗaya, guda 5 daga cikinsu suna wajen ƙugu, su ne kuma ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi kamar matashi, sai jijiyoyi da tsoka da suka ɗaure su. Wannan gini yana son motsi. Idan mutum ya zauna sa'o'i a duƙe kan tebur, tsokar baya takan gaji ta ƙage, ta ciki da ta ɗuwawu kuma su yi rauni don rashin aiki. Sai a haɗa da zaman tiroto daga Kasoa ko Ashaiman zuwa Accra safe da yamma, gwiwa a manne da kujerar gaba. Ƙiba, da shan taba, da rashin barci, da yawan damuwa duk suna ƙara wa wutar itace.

A nan ne muke son jan hankalin mai karatu. A wajenmu kusan kowane ciwon baya basir ne ko sanyi, shi ya sa kasuwar masu tallar magani a tashoshin mota ba ta mutuwa. Likitoci kuwa sun ce kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙasan baya ba a samun wata cuta takamaimai a jikinsu, kuma yawancinsu sukan sami sauƙi cikin makonni 6. Saboda haka ba kowa ke bukatar hoton ƙashi ba. Hasali ma, mutane da yawa da ba su jin ciwon komai, idan aka ɗauki hotonsu akan ga faifan ya ɗan turo, don haka hoto kaɗai ba ya nuna tushen ciwo.

To, mene ne magani? Na farko, kada a kwanta. A da likitoci kan ce a yi kwanaki a gado, amma bincike ya nuna doguwar kwanciya jinkirta warkewa take yi. A ci gaba da harkoki daidai ƙarfi, a riƙa tafiya a ƙasa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, kuma bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko hawan jini, da mace mai ciki, kada su sha sai da izinin likita. Tramadol kuwa, mun ga ɓarnar da ta yi wa samarinmu, ba sai an ba mu labari ba. Haka nan ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda, a guje su.

Idan ciwo ya wuce watanni 3, ya zama daɗaɗɗe. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kansa, inda ta ba da ƙarfi ga motsa jiki, da tausa, da wayar da kan majiyyaci. Ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu, ko na'urar jan baya, ko magungunan dangin tramadol. Manyan asibitoci kamar Korle Bu a Accra, da Komfo Anokye a Kumasi, da Asibitin Koyarwa na Tamale suna da sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa mutum atisayen da ya dace da shi. Tiyata sai ga 'yan kaɗan, galibi waɗanda faifai ya danne musu jijiya har ƙafa ta fara rauni.

Sai dai akwai alamun da ba a yi musu jinkiri. Idan mutum ya kasa yin fitsari, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, a kai shi asibiti a ranar. Haka kuma ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko ya biyo bayan faɗuwa, yana bukatar likita da wuri, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya, ciwon ƙoda ma yakan ɓuya a nan.

Rigakafi kuwa ba ya cin ko sidi ɗaya. A tashi a miƙe kowane minti 30, ko da zuwa shan ruwa ne. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, baya ya jingina, a naɗe tawul a sa a ƙugu idan kujerar ba ta da kirki. A ɗaga kwamfuta da littattafai har saman allonta ya zo daidai ido. In za a ɗauki galan na ruwa, a durƙusa da gwiwa, a jawo shi kusa da jiki. A kuma nemi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, watau rabin awa sau 5.

Muna roƙon masu ofisoshi da shaguna su bar ma'aikatansu su riƙa miƙewa, domin minti biyu na tsayuwa ya fi mako biyu na jinya araha. Da yawa cikinmu albashin mutum ɗaya ke riƙe da gida guda, har da na aikawa ga dangi. Ranar da bayansa ya ƙi, tukunyar gidan ce za ta fara ji. Allah ya ƙara mana lafiya.