Sake ƙirga ƙuri'a: a rumfa ake yi, kafin a kai kotu

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, daga Kakuri har Sabon Tasha a Kaduna an sha jin mutane na cewa kotu za ta sa a buɗe akwatuna a sake ƙirga ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi ba.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba ɗan takara ko wakilinsa damar neman a sake ƙirga ƙuri'a a rumfa da zarar an gama ƙirgan farko, amma sau ɗaya tak. Daga nan a cike takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba su kwafi. Wakilin da ya tafi neman abinci a wannan lokacin, ko ya sa hannu bai duba lambobin ba, ya yi wa ɗan takararsa ɓarnar da lauya ba ya iya gyarawa.

Kotu takarda take so, da shaidar da ya gani da idonsa. Kwana 21 ake da shi a shigar da ƙara, kwana 180 a yanke hukunci, rumfuna kuwa sun haura 176,000. Atiku Abubakar, wanda shi ya cinye Jihar Kaduna, shaidu 27 ya kawo a ƙarar da ya shigar kan zaɓen. Peter Obi 13. A 6 ga Satumba kotun ta kori ƙararrakinsu, a 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar, tana mai cewa rashin ɗora sakamako a shafin IReV na hukumar zaɓe bai isa ya soke zaɓe ba. Hukuncin ya yi wa da yawa ciwo, amma haka dokar take a rubuce a lokacin.

Ko a Amurka, a shekarar 2000, ƙuri'a 537 ce tsakanin 'yan takarar shugaban ƙasa Bush da Gore a Florida, kuma Kotun Ƙoli ce da kanta ta dakatar da ƙirgan hannu.

Mu a Kaduna mun san illar jita-jita. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa, mafi yawa a jiharmu. Don haka in ka jefa ƙuri'a a Barnawa ko Narayi, ka dakata a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoton sakamakon da aka manna. Saƙon WhatsApp mai cewa “an murɗe, ku fito” kuwa, a fara tambayar mai turo shi: ina takardar rumfarku?