Malamar Nazare a Watan Hunturu

Ƙarfe bakwai da rabi na wata safiya a watan Janairu, hazo ya rufe unguwa har ba a hango hasumiyar masallacin da ke ƙarshen layi. Malamar ajin 'yan shekara huɗu ta riga kowa isowa. Ta jiƙa tsumma ta bi benci da tagogi tana gogewa, amma teburin da ke kusa da taga ta bar shi da ƙurar da ta kwana a kansa. Yara suka fara shigowa, kowa ya sha rigar sanyi da hula, wasu leɓe ya yi fari, wasu majina na zuba. Ta tsaya bakin ƙofa tana amsa gaisuwa tana duba fuskokinsu. Da suka zauna a tabarma sai ta kira su biyu-biyu zuwa teburin nan, ta sa yatsa cikin ƙura ta zana harafin "h". Kowa ya zana nasa a gefe. Ta ce su kawo mata kalmomin da suka fara da shi. Aka ce hula, aka ce hanci, aka ce hannu, wata yarinya ta nuna waje ta ce hazo. Hunturu kuwa ita ta kawo shi a ƙarshe, ta ce shi ne baƙonsu na makonni uku masu zuwa.

Masu wannan sana'a suna kiran wannan tsari koyarwa bisa jigo. Ana ɗaukar abu guda da yaro yake gani yake taɓawa, a zauna a kansa mako biyu ko uku, a tatso ƙidaya da harshe da zane da tsafta da ɗan kimiyya duk daga cikinsa. Ɗan shekara huɗu bai san an raba ilimi gida-gida ba. Idan aka kaɗa ƙararrawa aka ce lissafi ya ƙare yanzu Turanci, shi dai ya ga an katse masa abin da yake yi. Idan kuwa safa ce yake haɗawa da 'yar'uwarta, yana ƙirgawa, yana faɗin launinta, yana ba da labarin wanda ya saya masa, to ya yi darasi uku bai tashi daga inda yake ba.

Sana'ar tana da asali. Friedrich Froebel, Bajamushe, shi ya raɗa wa makarantarsa ta garin Bad Blankenburg suna Kindergarten a 1840, wato lambun yara, yana koyar da su ta wasa da waƙa da shuka. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo da ke birnin Rum a 1907, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yara. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, malama kan ɗebo ta a kwano ta shigo da ita aji, yara su zuba ido har ta narke, su auna ruwan da ya rage. Darasin yana kama su ne domin abin yana bakin ƙofarsu, sun tako shi da takalmi da safe.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauko hoton muka bar dabarar. Na sha shiga ajin nazare a Kano na tarar yara na shafa launi a jikin mutum-mutumin ƙanƙara da ke cikin littafin da aka shigo da shi, ga iska na kaɗa ƙofa, ga fatarsu na tsagewa, ba wanda ya ce musu uffan a kan wannan. Malamar da ta san aikinta ba ta raina abin da ke tsakar gida.

Da hantsi ya yi, malamar da muka fara da ita ta fito da ƙyalle biyu iri ɗaya, ta sa yara suka tsoma su a bokiti suka matse. Ɗaya aka shanya a igiya a waje, ɗaya aka sa a roba aka rufe. Kafin a dawo daga tara na igiya ya bushe ƙarau, na roba yana nan sharkaf. Ta tambaye su, "Ina ruwan ya tafi?" Wani ya ce rana ta sha. Wata ta ce ai yau babu rana. Aka yi shiru, sai wani ƙaramin yaro da bai cika magana ba ya ce iska ce ta ɗauke. Ba ta yi saurin cewa daidai ne ba. Ta ce kowa ya lashi bayan hannunsa ya hura, ya faɗi abin da ya ji. Sannan ta nuna leɓenta ta ce iskar da ta shanye ruwan ƙyalle ita ke shan na leɓe da na diddige. Ta buɗe gwangwanin man kaɗanya, kowa ya lakata ya shafa, kowa ya sha kofin ruwa ko da ba ya jin ƙishi. A wannan lokaci laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin 100, shi ya sa ko balan-balan da aka goga a rigar sanyi yake ɗaukar gutsattsarin takarda cikin sauƙi, abin da ba ya yiwuwa sosai da damina. Ta ajiye wannan wasan sai ranar Alhamis.

A lungun aji akwai kasuwa. Guntayen rake, lemu, karas, dankali da tumatur, kayan da ke cika kasuwa a watannin sanyi, an jera su a faifai, murafun kwalba su ne kuɗi. A nan ake koyon ɗaya zuwa goma da tayi da sallamawa. Ranar da ƙura ta yi sauƙi takan zaga da su bayan makaranta su dubi itatuwa. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuwa da ya yi damina babu ganye yanzu ya yi kore shar. Yara su tsinto busassun ganye, a dawo a manna a kwali da sitacin da ta dama a gida.

Ita kanta sai ta yi karatu kafin ta koyar. Ta san iskar daga arewa maso gabas take busowa tun wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, kuma mafi yawan ƙurar daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafki. Ba ta ɗora wa yara wannan suna, cewa take ƙurar da ke kan tebur matafiya ce, daga Chadi ta zo. Ta kuma san tsuntsaye kan gudo wa sanyin Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Sai a nan take fito da hoton dusar ƙanƙara, ta ce ga abin da ya koro su zuwa wajenmu. A haka hoton ya sami wurin zama, yara kuma suka yi ta tambaya ko tsuntsu na da rigar sanyi.

Rabin aikin kuwa tsaro ne. Hunturu lokacin jin ɗumi ne, lokacin gobara kuma, don haka akwai ranar da ake zama a yi maganar kaskon garwashi da ashana da abin da yaro zai yi idan ya ga wuta. Tana lura da mai tari da mai asma, ta san wanda ba za a fitar ba ran da hazo ya yi kauri. Yaron da ya zo da zazzaɓi mai zafi yana kukan kai da wuya ba ta jira a tashi, take take kiran iyaye a tafi asibiti, domin rani ne lokacin sanƙarau.

Akwai wani abu da na gani wanda ba a koyar da shi a kwalejin ilimi. A kowane aji ba a rasa yaro biyu ko uku da ke zuwa da rigar makaranta kaɗai, suna rawar ɗari. Malamar tana da buhun rigunan sanyi na gwanjo, wasu ta saya, wasu iyaye suka kawo. Ba ta taɓa kiran yaro gaban aji ta miƙa masa ba. Zuba su take a lungun wasan ado, ta ce yau kowa zai zaɓi riga ya koyi sa maɓalli da jan zif. Idan an gama mai riga ya cire ya koma cikin tasa, marar riga kuwa sai ta raɗa masa, "Wannan ta yi maka kyau, bar ta a jikinka."

Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, malami ɗaya kuma ga yara 25. Na ƙirga yara fiye da arba'in a ajin da nake ba da labari. Albashin bai taka kara ya karya ba, kwali da zare da man kaɗanya sau da yawa daga jakarta suke fitowa. Ga kuma iyaye da suka biya kuɗi suna son ganin littafi cike da rubutu. Wata uwa ta tare ta da azahar ta ce, "Malama, yaron nan kullum wasa, yaushe za a fara karatu?" Ta ce, "Hajiya, in kun je gida ki ba shi safa goma a cakuɗe ki ce ya haɗa miki, ki tambaye shi ƙafa nawa za su sa. Gobe ki ba ni labari."

Da aji ya watse ta share ganye da ɓawon lemu, ta ninke tabarmi, ta rubuta a littafinta wanda ya yi magana yau da wanda har yanzu bai kama fensir daidai ba. Ta rurrufe tagogi, ta bar ta kusa da teburin nan a ɗan buɗe. Gobe harafin "ƙ" za a rubuta, na ƙura da ƙafa da ƙanƙara.