Yadda ruwan gishiri ke cin titin da aka haɗa da roba

A shekarun 1960 ne wani injiniya a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, Charles McDonald, ya ɓullo da dabarar niƙa tsofaffin tayoyi a dafa garin tare da kwalta. Robar, wadda ba ta gaza kashi 15 cikin ɗari na haɗin ba, tana shanye man kwaltar ta kumbura, sai a samu haɗi mai danƙo da ba ya saurin tsagewa. A busasshiyar ƙasa irin Arizona dabarar ta yi amfani ƙwarai. Bakin teku kuwa, da ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, wata magana ce daban.

Ƙarfin titi yana wurin da kwalta ta kama jikin tsakuwa, kuma nan ne gishiri ke kai farmaki. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwan na kutsawa ta ƙananan kofofi, ya shiga tsakanin kwalta da dutse, ya saɓule ta. Idan rana ta buɗe ruwan ya ƙafe, gishirin ba ya tafiya. Nan yake zama ya daskare, ƙwayoyinsa na girma suna tura bangon kofofin. Wani ruwan ya zo ya narkar da shi, ya sake bushewa, tsagar na ƙara faɗi. Inda ake tsananin sanyi, ruwan da ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ɓarnar ta ninku. Tayoyin manyan motoci kuma suna danna ruwan ciki suna zuƙo shi, har tsakuwa ta fara warwatsewa.

Roba na jinkirta wannan, amma ba ta hana shi. A hankali haɗin yakan bushe ya yi tauri, danƙon da aka kashe kuɗi dominsa ya ragu.

A ganina, duk wanda zai shimfiɗa irin wannan kwalta a gari kamar Legas ko Kwatano, ya fara da magudanar ruwa kafin ya yi zancen roba. Sai a danne kwaltar sosai don rage kofofi, a kuma zuba garin farar ƙasa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, musamman idan tsakuwar ta falalen dutse ce, domin ita ta fi saurin sakin kwalta idan ta jiƙe.