AGOGON MASU NUTSO: INA DALILIN TSADARSA?

Daga Wakilinmu

Cikin shekarar 2023, agogon hannu na ƙarfe samfurin Submariner, wanda kamfanin Rolex na ƙasar Suwizalan yake ƙerawa, ya haura dalar Amurka 9,000 a kantunan wakilan kamfanin. A cikin wannan shekara ɗin kuma mutum yana iya samun agogon ƙasar Jafan mai jure zurfin mita 200 a ƙarƙashin ruwa da abin da bai kai dala 300 ba. Dukansu biyu suna nuna lokaci, dukansu ruwa ba ya shigarsu. To, me mai sayen na farkon yake biya da sauran kuɗin? Ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su san amsar wannan tambaya, domin irin wannan agogo ya zama abin ado a hannun manya, jabunsa kuma ya cika kasuwanninmu.

Lokaci a ƙarƙashin ruwa

Asalin agogon nan kayan aiki ne, kamar yadda guduma take ga maƙeri. Cikin 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙago na'urar da ke ba mutum damar shaƙar iska daga tukunyar da ya goya a bayansa. Wannan na'ura ta sauƙaƙa wa ɗan Adam yawo a ƙarƙashin teku ba tare da an ɗaure shi da mesa daga jirgi ba. Amma wannan 'yanci ya zo da hatsari iri biyu. Na farko, iskar tukunya tana ƙarewa. Na biyu kuwa ya fi ɓoyuwa. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa, nauyin ruwan da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wannan matsi yakan sa iskar naitarojin ta narke cikin jini. Idan mutum ya daɗe a ƙasa, sa'an nan ya taso da gaggawa, sai iskar ta yi kumfa a jikinsa kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma rasa rai.

Saboda haka aka tsara jadawali mai nuna iyakar mintocin da za a yi a kowane zurfi. A mita 30, alal misali, kimanin minti 20 ne mutum zai yi, in dai yana so ya taso ba tare da ya dakata a hanya ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, a wannan sana'a kuwa fid da kai yana rataye ne a kan sanin minti nawa suka wuce.

Yadda aka kore ruwa

Babbar ƙofar da ruwa ke bi ya shiga agogo ita ce ɗan kan nan na gefe da ake wana shi da shi. Cikin 1926 kamfanin Rolex, a ƙarƙashin Hans Wilsdorf, ya fito da agogon Oyster, wanda ake murɗa kan nan ya shige cikin gidan agogon kamar noti, haka ma murfin bayansa. Shekara guda bayan haka wata Baturiya 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta yi fiye da awa 10 tana ninƙaya da shi a mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa, ta fito yana aiki. Wilsdorf bai yi wata-wata ba ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya shelanta wa duniya. Tun daga ranar fasaha da talla suke tafiya tare a cinikin agogo.

Siffar da muka sani yau ta bayyana ne cikin 1953. A shekarar ne kamfanin Blancpain ya ƙera wa mayaƙan ruwa na Faransa agogon da ya kira Fifty Fathoms, watau gaba hamsin, kimanin mita 91 ke nan. Rolex kuma ya ƙera Submariner mai jure mita 100, ya baje shi a kasuwar agogo ta birnin Basel cikin 1954. Duka biyun suna da baƙar fuska, da manyan alamu masu haske cikin duhu, da wani zobe mai juyawa a kewayen gilashi wanda aka zana wa mintoci. Kafin mutum ya nutsa sai ya juya zoben, ya daidaita alamarsa da dogon hannun agogo. Da ya duba zai ga mintocin da ya ci. A agogunan zamanin nan zoben yana juyawa ne ta ɓangare ɗaya kaɗai. Hikimar ita ce, in ya bugi dutse ya goce, sai ya nuna wa mai shi ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, ya taso da wuri. Kuskuren da zai auku ba zai zama mai kisa ba.

Daga nan sai gasar zurfi ta ɓarke. Ran 23 ga Janairu 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka cikin jirgin nutso mai suna Trieste zuwa wuri mafi zurfi a tekun Fasifik, kusan mita 11,000, da wani agogon gwaji na Rolex ɗaure a jikin jirgin ta waje, ya kuwa dawo lafiya. Su kuma ma'aikatan da ke gyaran bututun mai a ƙarƙashin teku, waɗanda kan kwana da kwanaki cikin ɗaki mai matsi suna shaƙar iska mai haɗe da hiliyam, sai suka gamu da wata matsala. Ƙwayoyin hiliyam ƙanana ne ƙwarai, sukan sulale su shiga agogo. In aka zo rage matsin ɗakin sai su tunkuɗo gilashin ya fice. Maganin da Rolex ya yi shi ne wata 'yar kafa mai buɗewa da kanta ta fitar da iskar, wadda ya sa a agogonsa Sea-Dweller na ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin Seiko na Jafan ya bi wata hanya cikin 1975, ya ƙera gidan agogo na ƙarfen titaniyam mai jure mita 600, ya toshe shi yadda hiliyam ba za ta taru a ciki ba tun farko.

Yau akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6425 wadda ta bayyana abin da ya cancanci a kira shi agogon nutso. Tilas ya jure aƙalla mita 100, a gwada shi da matsin da ya zarce abin da aka rubuta a fuskarsa da kashi 25 cikin ɗari, a kuma iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar ba ta ambaci farashi ba, kuma agoguna masu araha da yawa sun cika ta.

Sarƙa, ma'aunin aiki

Mafi yawan masu saye fuskar agogo suke dubawa. Masu gyaran agogo kuwa sukan fara da sarƙa, gama ita ce ke shan wahala kullum, ita ce kuma ba ta iya ɓoye ha'inci. Ga mai nutso, agogon da ya suɓuce daga hannu daidai yake da wanda ruwa ya shiga.

Sarƙoƙin shekarun 1950 da 1960, har na manyan kamfanoni, da fallen ƙarfe aka yi su, a naɗe shi ko a haɗa shi da ƙusoshi. Da yawa daga cikin na Rolex wani kamfani ne na birnin Janeba mai suna Gay Frères ya ƙera su, kafin Rolex ya saye shi cikin 1998. Irin waɗannan ba su da nauyi, sukan yi ƙara, in an daɗe ana ɗaura su kuma sai su saki. Dalilin sakin shi ne, ƙura da gumi suna shiga tsakanin gaɓoɓi su zama kamar yashin goge tukunya, su yi ta cin sandunan da suka riƙe su har ramukan su faɗaɗa. A ƙasa mai ƙura irin tamu wannan ciwo ya fi saurin kama sarƙa.

Sarƙar agogo mai tsada ta yau daban take. Kowace gaɓa daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙo ta, ana haɗa gaɓoɓin da ake ragewa da ƙananan sukurori maimakon sandunan da ake bugawa, gaɓar ƙarshe kuma tana zama daram a jikin gidan agogo babu rata. Yawancin kamfanoni suna amfani da ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L, Rolex kuwa tun cikin shekarun 1980 ya soma komawa ga 904L, wanda ya fi jure ruwan gishiri, ya kuma fi wuyar sarrafawa. Sa'an nan ga aikin gogewa: wani sashe a yi masa ƙyalli kamar madubi, na kusa da shi a bar shi da siraran layuka, iyakar da ke tsakaninsu ta miƙe sak. Wannan aiki yana cin lokacin ƙwararru, kuma a nan ne ɗan jabu ya fi kasawa.

Makullin sarƙa shi ma da nasa aikin. Mai nutso yana ɗaura agogo ne a kan rigar roba mai kauri, don haka ake ɓoye ƙarin gaɓa cikin makulli wadda za a warware. Rigar kuma takan matse in an yi zurfi, sai agogo ya yi sako-sako. Seiko ya magance wannan da maɗaurin roba mai lanƙwasa-lanƙwasa wanda ke miƙewa ya koma. Rolex kuma ya fito da makulli mai zamewa da ake kira Glidelock, wanda ke ƙara tsawo har milimita 20, biyu-biyu, ba tare da an nemi wani kayan aiki ba. Ko ga wanda bai taɓa ganin teku ba wannan yana da amfani, domin hannu yakan kumbura da zafin rana ya sace da sanyi.

Duk da haka, mafi raunin wuri shi ne 'yan sandunan nan biyu masu sifirin da ke haɗa sarƙa da agogo. Sojojin ruwan Ingila sun san haka, shi ya sa a shekarun 1970 suka sa aka manne sandunan agogunansu dindindin, suka zura musu maɗaurin nailan mai bi ta ƙarƙashin agogo. Mutanen da ransu ya dogara da agogon ke nan, suka ajiye sarƙar ƙarfe suka zaɓi tsumma.

To, ina sauran kuɗin?

Cikin Disamba 1969 Seiko ya fito da agogon hannu mai batir na farko irin na kwaz, wanda ya fi kowane agogon wani kiyaye lokaci. Da farashinsa ya sauko, masana'antar Suwizalan ta durƙusa. Ma'aikatanta da suka kai wajen 90,000 cikin 1970 suka ragu zuwa wajen kashi ɗaya bisa uku na wannan adadi a tsakiyar shekarun 1980. Cikin 1983 kuma aka soma sayar da 'yar kwamfutar masu nutso, wadda ke auna zurfi da lokaci ta yi lissafin naitarojin da kanta. Tun daga nan agogon nutso ya rasa aikinsa na asali, ya koma na ko-ta-kwana.

Kamfanonin Suwizalan da suka tsira sai suka sake salon ciniki, suka mai da agogon wani kayan alfarma. Gaskiya ne injinsu aikin gwaninta ne. Hukumar gwaji ta ƙasar, COSC, ba ta ba inji shaida sai ya yi kwana 15 ana gwada shi, bai yi jinkirin fiye da daƙiƙa 4 ko gaggawar fiye da 6 a yini ba. Amma agogon batir na talaka ya fi haka daidaito. Abin da ya rage ana saye shi ne suna da tarihi, da kuma abin da talla ta dasa a zukata. Sean Connery ya ɗaura Submariner a fim ɗin James Bond na farko cikin 1962, daga 1995 kuma Omega Seamaster ya gaji wannan matsayi. Mai saye yana biyan rabonsa na duk wannan shela.

Akwai masu cewa irin wannan agogo ajiya ce kamar zinariya. A yi hattara da wannan magana. Farashin 'yan samfura kaɗan ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar na-hannu har zuwa farkon 2022, sa'an nan ya rikito, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka hasara. Mafi yawan agoguna kuwa darajarsu tana raguwa da zarar an fita da su daga kanti. Bugu da ƙari, zoben robar da ke tare ruwa yana bushewa, man inji yana daskarewa, saboda haka bayan 'yan shekaru sai an kai agogo gyara, kuɗin gyaran kuma yana iya sayen sabon agogon Jafan.

Shawara ga mai saye

Wanda yake da hali, yake kuma sha'awar aikin hannu mai kyau, ba laifi ya saya, muddin ya san abin da yake saye. Ya riƙe agogon a gicciye ya ga ko sarƙar ta lanƙwashe ƙasa, ya shafa gefen gaɓoɓi ya ji ko suna da kaifi, ya buɗe makulli ya rufe ya ji ko ya kama da ƙarfi, ya juya zobe ya ga ko alamarsa ta tsaya daidai kan sha biyu. Ya nemi takardun agogo, ya gwada lambarsu da wadda ke jikinsa. Wanda aka miƙa wa Rolex a bakin titi da kuɗin takalmi kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, da ɗalibin da ke tattalin kuɗin makaranta, agogon da ya cika ƙa'idar ISO 6425 daga kamfani sananne zai jure damina da wanka da alwala shekara da shekaru, ba tare da an ci bashi ba. Ya riƙa wanke sarƙarsa da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori lokaci-lokaci, ya tabbata ya murɗe kan agogon kafin ya taɓa ruwa.