Yaro Mai Sikila: Rabon Asibiti da Rabon Gida

A duk faɗin duniya babu ƙasar da ake haifar yara masu cutar sikila kamar Najeriya. Ƙiyasin da masana lafiya suka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasar yana ɗauke da irin cutar a jininsa ba tare da ta taɓa kwantar da shi ba. Duk da wannan yawa, har gobe akwai gidajen da ake jingina ta ga iska ko maita ko sammu, wani lokaci ma a ce uwar ce ke wabi. Alhali yawancin abin da ke kashe waɗannan yara kafin su cika shekara biyar ana iya tare shi, kuma babban kason wannan aiki a hannun iyaye yake.

Sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, gado ce daga uwa da uba gaba ɗaya. Idan dukkansu AS ne, wato masu ɗauke da irin cutar, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da SS, wato mai cutar. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka ana iya haifar masu cutar uku a jere, ana kuma iya haifar biyar ba ko ɗaya. Uba da danginsa su sani rabin gadon daga wajensu ya fito.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna da laushi, suna kai kwana 120 suna aiki. Na mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Saurin mutuwarsu ke kawo ƙarancin jini da ɗorawar ido irin ta shawara, toshe ƙananan jijiyoyi da suke yi kuma ke kawo azabar ciwon ƙashi. Jariri yakan yi lafiya a watannin farko saboda nau'in jinin da ya taho da shi daga ciki yana kare shi. Da wannan ya fara raguwa, wajen wata shida, sai a ga hannuwa da ƙafafu sun kumbura, yaro yana ta tsala kuka. Wannan kumburi gwajin jini yake bukata, tsagar wanzami sai dai ta ƙara zubar da ɗan jinin da ya rage.

Da zarar an tabbatar da cutar, likita yakan ɗora yaro a kan fenisilin kullum har ya kai aƙalla shekara biyar, tare da folik asid da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, a kuma cika masa alluran rigakafi. Dalili shi ne saifarsa tana raunana tun yana ƙarami, ba ta iya tace ƙwayoyin cuta. Shi ya sa zazzaɓi ga mai sikila lamari ne na gaggawa. Ba a ba shi farasitamol a ce a ga abin da gobe za ta yi. Haka nan idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko tafin hannu da leɓe suka yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta ɓangaren hagu, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Uwa tana iya neman ma'aikaciyar jinya ta koya mata yadda ake lalubar saifa, don ta gane idan ta ƙara girma farat ɗaya.

Sauran kuwa hidimar yau da kullum ce: yawan shan ruwa, musamman da bazara, rigar sanyi da ruwan ɗumi a lokacin hunturu, kwana cikin gidan sauro, da hana wasan da ya wuce ƙarfi.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne shanyewar ɓarin jiki tana kama ƙananan yara masu sikila, kusan ɗaya cikin goma kafin shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai, ana kiran gwajin TCD, ana yi wa 'yan shekara 2 zuwa 16, ba allura ba ciwo. A Amurka, wanda gwajin ya nuna yana cikin haɗari akan yi masa ƙarin jini duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt sun yi bincike a Kano, suka nuna cewa maganin haidroksiyuriya, ko a ƙaramin ma'auni, yana rage wannan haɗari. Maganin yana kuma rage yawan tashin ciwo. Hakkin iyaye ne su tambayi likita game da gwajin da maganin. A Nijar kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a Yamai.

A kula, ba kowane ciwon ƙashi da ƙarancin jini ne sikila ba. Dajin jini ma da haka yake farawa, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani da zubar jini ta dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki ana warkar da fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai kashi 30. Zuwa asibiti a makare da yanke magani a tsakiya suna cikin manyan dalilan wannan tazara.

Jinya mai tsawo tana cinye aljihu da haƙuri, kuma uwa kaɗai ba za ta iya ba. Uba ya riƙa zuwa ganin likita da kansa. Dangin da ke haɗa kuɗin biki su haɗa na magani, masu lafiya su ba da jini. A sanar da malaman makaranta da na Islamiyya halin yaron, su bar shi ya sha ruwa ya fita bayan gida, su daina ɗaukar fashinsa a matsayin lalaci. A gida kuma a daina faɗa a gabansa cewa ba mai tsawon rai ba ne. Masu sikila sun zama likitoci da malamai da iyaye.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da nau'in jini na AS ko SS. Amma sakamakon da ya fito bayan an kai lefe yana da wuyar karɓa. Saurayi da budurwa su san nau'in jininsu tun kafin magana ta je gaban manya, duk jaririn da iyayensa AS ne kuma a gwada shi tun kafin ciwo ya nuna kansa.