Sayen Shinkafa Daga Hannun Ƙananan Manoma

Fadamar Gulbin Rima, daga Argungu zuwa Zauro har Birnin Kebbi, ƙasar shinkafa ce tun kaka da kakanni. A Zauro ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance cikin watan Nuwamba 1955 da sittin a kai, watau 2015, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu. Duk da haka yawancin shinkafar nan daga ƙananan gonaki take fitowa, na mai eka ɗaya ko biyu.

Mai sayen da ya taka har gindin manomi ya fi wanda ya tsaya wurin dillali riba. Zai san irin da aka shuka, ko Faro 44 ne ko jar shinkafa ta gargajiya. A kasuwa kuwa sau da yawa akan gauraya iri biyu ko uku cikin buhu ɗaya, in an zo dafuwa wata ta nuna, wata tana da gara. La'adar da dillali zai ci kuma sai ta zauna tsakanin manomi da mai saye.

Amma lalle a lura da abu uku. Na fari, bushewa. A ɗauki ƙwaya a ciza: in ta ce ƙas, ta bushe, in ta lanƙwashe, da sauran ruwa. Ma'aikatan gona sun ce kada danshi ya wuce kashi 14 cikin ɗari, domin ɗanyar shanshera takan yi fumfuna a ajiye, ta kuma rage nauyi. Na biyu, tsabta. A zura hannu har tsakiyar buhu a ɗebo, a sheƙe a faifai, a duba tsakuwa da ƙaiƙayi. Na uku, lissafi. Kilo 100 na shanshera mai kyau yakan ba da kimanin kilo 60 zuwa 65 bayan casa, saboda haka a yi ciniki da wannan a zuci.

Shi kuma manomi akwai ramin da ya kamata ya kauce wa, watau karɓar kuɗi tun shinkafa tana gona. Mai ba da kuɗin shi ke yanka farashi, kuma da araha zai yanka. In ambaliya ta zo, kamar ta 2020 wadda ta cinye gonaki da yawa a Kebbi, ga bashi ga rumbu wayam.

Abin da ya fi shi ne manoma biyar ko goma su haɗa kai, su tara buhunansu iri ɗaya, su auna da sikeli gaban shaidu, magatakarda ya rubuta. Wanda ya sayi mai kyau bana, shi zai fara sallama baɗi.